Ba a Yanke Kwaɗon Wani

A kamfanin madarar da nake aiki babu mai kirana da sunan yanka. Uwar Kwaɗo suke ce mini, wasu a gaban idona, wasu sai na ba da baya, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni na jawo wa kaina. Shekara goma sha tara ina gyaran wuta a wurin, kuma ni na kawo dokar da ta ba ni sunan. Duk wanda zai sa hannu a cikin inji sai ya kashe babban makunni, ya ɗana masa kwaɗonsa na kansa, ya jefa makullin a aljihu. In mutum uku ne a kan aikin, kwaɗo uku za a gani a jere. Ba a kunnawa sai kowa ya zo da ƙafarsa ya cire nasa. Ba a aiko da makulli, ba a cewa "ai na gama" ta waya, kuma ba a yanke kwaɗon wani.

A wani kwas na ƙarin horo na samo dokar, wata guda bayan abin da ya sami Takwas. Takwas makaniken kamfanin ne. Wata rana yana canza bel, wani ya shigo ya ga inji a kashe, ya ce bari ya yi abin kirki, ya kunna. Yatsu biyu suka tafi. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa sunan da ya dawo daga asibiti, wai ragowar yatsun ke nan, kada wani ya yi masa ƙidayar bara. Tun daga nan na zama masifaffiya. Na yi faɗa da manajoji uku a kan kwaɗo. Akwai wani mai walda da na sa aka dawo da shi daga wurin aski, rabin kai da suma rabi babu, don ya zo ya cire nasa. Har yau in mun haɗu sai ya shafa kai.

To, wanzami ba ya son jarfa, in ji masu magana. Bari in faɗi yadda aka yi mini tawa.

Lasisin aikinmu yana da wa'adi. Duk bayan shekara uku sai ka koma aji ka yi awa arba'in na ƙarin horo, ka ci jarrabawa, sannan hukuma ta sabunta maka. Dama uku ake bayarwa. Ta farko ban je ba, mahaifiyata tana kwance a asibiti, kuma ba ta tashi ba. Ta biyu na je na faɗi, don yanzu an mayar da hankali kan injuna masu kwamfuta, ni kuwa da kunne da hanci na koyi aiki. In inji zai lalace ina jin warinsa tun daga ƙofa, amma a ba ni allo mai rubutu a ce in nemo laifi, sai in zauna ina kallonsa yana kallona. Ta ukun ita ce ta ƙarshe, kuma lasisina ranar ƙarshen wata zai mutu. In ya mutu ba ni da ikon buɗe ko akwati ɗaya na wuta a kamfanin. Manaja bai ɓoye mini ba. Ya nuna mini takardun masu neman aiki a kan teburinsa, tari guda, ya ce, "Duk waɗannan da sabuwar shaida a hannunsu. Ni ba na son rabuwa da ke, amma hukuma ba ta san sabo ba."

A gida kuwa aikin nan shi ne ginshiƙi. Maigidana tela ne, kuma a da telan gaske ne, sai dai idonsa ya yi rauni. Keke ya gagare shi, ɗinkin hannu kaɗai yake ɗan taɓawa, maɓalli da kalmasa da cike ɓaraka, shi ma da lalube. Kafar allura kam ya daina ganinta. Kullum da safe kafin in fita sai na zura masa zare a allurai goma, fari da baƙi, in soke su a jikin wani ɗan matashi a kusa da hannunsa na dama. Su ne aikinsa na yini. Yaranmu uku duk suna makaranta. Ni na san in na faɗi, ba ni kaɗai zan faɗi ba.

Sati biyar ina tashi daga aiki in wuce aji. Mu ashirin da biyu ne, mace ni kaɗai, kuma na girmi malamin ma. Samarin ajin suna ce mini Mama, suna ba ni kujera ta gaba, ni kuwa na fi son ta baya inda babu mai ganin yatsana yana neman harafi. Da yamma maigida zai riƙe littafin dab da hancinsa yana yi mini tambayoyi, yana karanta sunayen kayan wuta kamar sunayen magungunan asibiti.

"Baban yara, ba haka ake faɗa ba."

"To ke da kika san yadda ake faɗa, ba ni amsa mana."

Ranar jarrabawa ƙarfe tara aka ce kowa ya kasance a zaune. Ina idar da sallar asuba waya ta yi ƙara. Injin sanyaya madara ya tsaya, kuma manyan tankuna biyu cike suke. Babban injiniyanmu ya yi tafiya, daga shi sai ni ke da lasisi a kamfanin. Na ce a raina awa ɗaya ta isa. Na sa kaya na fita a guje.

Na tarar da Takwas ya riga ni, ya kashe makunni ya ɗana kwaɗonsa shuɗi, don ya ga bel ɗin ma ya tsufa, ya ce tunda an tsaya gara ya canza. Na ɗana nawa ja kusa da nasa. Na buɗe akwatin wuta da makullina. Laifin ba wani babba ba ne, noti ne ya saki, waya ta yi zafi ta ƙone baki. Na yanke, na feƙe, na sa sabon kai, na ɗaure da sifanata mai lamba goma. Duk mai gyara ya san lamba goma ƙafa gare ta, in ka ajiye ka juya ta tafi, shi ya sa na naɗe wa tawa jan tef a gindi, kowa ya san mai ita.

Ina cikin ɗaure na ƙarshe waya ta sake ƙara. Maigida ne.

"Maman yara, takwas saura kwata fa. Kina ina?"

Daga kamfani zuwa cibiyar horo tafiyar kusan awa ce in hanya ta cushe. Na tura ƙofar akwatin na kulle, na kwashe kayan aiki na watsa a jaka ba tare da na duba ba, na cusa jakar a kabad.

"Takwas, nawa ya kammala. In ka gama ka tayar."

Kansa yana ƙarƙashin inji ya ɗago hannu. "Allah ya ba da sa'a, Yaya. Ki kunyata samarin nan."

Na isa saura minti huɗu. A bakin ƙofa aka karɓi wayoyinmu aka zuba a kwando, aka sake karanta mana ƙa'ida: duk wanda ya fita daga harabar kafin ya gama, ya fita ke nan. Aka fara da ta kwamfuta. Wallahi ban san daga ina amsoshin suka riƙa zuwa ba. Muryar maigida nake ji yana karanta su a karkace, sai in ga na gane. Da lokaci ya cika allo ya nuna sakamako nan take, na haye. Na rufe fuska da tafin hannu. Wani saurayi a gefena ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya lau, ɗana. Saura ta aikin hannu, wadda ko barci aka tashe ni zan yi.

Sha ɗaya saura kwata aka shigar da mu ɗakin gwaji. Malamin, wani siririn injiniya mai tabarau wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsaya gaban akwatunan wuta shida da aka jera ya ce za a shiga shida-shida, kowane rukuni awa ɗaya da rabi. Ina cikin rukunin farko.

"Kamar yadda aka sanar, kowa ya fito da kwaɗonsa. Da shi za a fara."

Na yi murmushi. Samarin ma suka juyo suna kallona suna dariya, don duk ajin an san sunana. Na sa hannu a aljihun gaba inda kwaɗona yake zama. Na ji makulli. Na sake lalubawa. Makulli ne kawai, biyu a zobe ɗaya, na kwaɗo da na akwatin wuta. Na juye jakar hannuna a kan benci, biro da katin shaida da ƙwayar ciwon kai suka watse. Sai na gan shi a idon zuciyata, ja, yana reto kusa da shuɗin Takwas, a jikin makunnin injin sanyaya madara.

Awa uku ke nan da na baro injin a kashe, kuma kwaɗona ne ya hana shi tashi.

Ban san lokacin da na isa gaban malamin ba. "Injiniya, don girman Allah a ba ni wayata. Minti ɗaya."

Ya kalli fuskata, bai yi musu ba. Ya sa aka kawo kwandon, ya ce in yi magana a gabansa. Kira goma sha bakwai na tarar. Ina taɓawa Manaja ya ɗauka, tun kafin in yi sallama ya fara.

"Kin kashe mu! Tun tara Takwas ya gama. Madara ta tashi daga digiri huɗu ta kai bakwai. Kin san in ta kai goma zubarwa za a yi, tanki biyu! Ga almakashin ƙarfe nan a hannuna, wannan mutumin ya tsaya ya tare makunni kamar an kafa shi. Yi masa magana."

Na kalli agogon bango. Rukunina zai fara nan da minti goma, ya gama sha biyu da rabi. In na ƙara da hanya, sai ɗaya da rabi. Madara ba za ta jira ni ba. Na kalli akwatunan gwaji guda shida, na ga nawa, na huɗu, har da lambata a manne. Awa ɗaya da rabi ce tsakanina da shekara uku na kwanciyar hankali.

"Ba shi wayar," na ce.

"Yaya." Muryar Takwas a sanyaye.

"Takwas, na gama aikina tun safe, kai ma ka sani. Mantuwa ce kawai. Ka bari a yanke."

Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa, a gaban malamin da ya koyar da darasin, da samari ashirin da ɗaya suna ji.

"Yaya, ba a cire kwaɗo ta waya."

"Na sani! Ni na koya maka! Ni nake ce maka a yanke!"

"Ke kika koya mini, shi ya sa."

"To zan ba mai babur makullin ya kawo maka."

"Makulli a hannun wani da almakashi ai duk ɗaya ne. Haka kika ce ranar mai walda." Sai ya ƙara da cewa, "Ban ga cikin akwatin ba, Yaya. A kulle yake, kuma ko a buɗe yake ba ni da ikon leƙawa. Abin da ban gani ba, ba zan ɗora hannu a kai ba. Saura takwas gare ni."

Na ji Manaja daga gefe yana cewa in bai matsa ba kafin sha biyu, yau zai bar kamfanin, kuma zai kira masu gadi su ɗauke shi. Takwas ya ce masa, "Ranka ya daɗe, sai dai su ɗauke ni ɗin." Wayar ta katse.

Na tsani Takwas a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Na zage shi a zuciyata, na ce wane irin taurin kai ne wannan, mutum ya ga 'yar'uwarsa tana nutsewa ya tsaya karanta mata doka. Alhali dokar tawa ce, kalma da kalma.

Na juya wurin malamin. Ban taɓa roƙon mutum irin na ranar ba.

"Injiniya, ka mayar da ni rukunin ƙarshe. In je in dawo. Ko ka haɗa ni da mai gadi ya raka ni, ya ga ba wanda zan tambaya amsa."

"Mama, in kin fita ƙofar can, na'ura ce take rufe sunanki, ba ni ba."

"To ka yi mini tawa yanzu, ni kaɗai, cikin minti ashirin. Wallahi zan iya."

"Na san za ki iya. Amma gwajin awa ɗaya da rabi ne, kuma da kwaɗo ake farawa." Ya cire tabarau ya goge. "Zan iya ara miki kwaɗo na cibiya, wannan ba laifi ba ne. Ki zauna ki yi jarrabawarki. Madara ba rai ba ce."

"Za su kori mutumin nan. Ko su ture shi su yanke."

"Za su iya."

"Wannan ce damata ta ƙarshe, Injiniya. Mijina ba ya gani sosai. Ina da yara uku."

Ya sunkuyar da kai. Na ga abin ya taɓa shi, amma tausayi ba ya buɗe na'ura. Ya miƙo mini wani kwaɗo ruwan ɗorawa mai lambar cibiya. Na karɓa. Har na taka zuwa akwati na huɗu na tsaya a gabansa. Na ɗana kwaɗon aron a makunni, ya ce ƙas. Wannan ƙarar ce ta gama da ni. Ina nan ina nuna wa hukuma na iya ɗana kwaɗo, a can kuwa ana shirin fitar da mutum da ƙarfi don ya tsare nawa na gaskiya. Kuma in sun yanke yau bisa umarnina, gobe wa zai hana su yanke na Takwas yana ƙarƙashin inji?

Na buɗe kwaɗon aron na ajiye a kan benci. Wani cikin samarin ya ce, "Haba Mama, kar ki tafi!" Ban juya ba, don in na juya ba zan iya fita ba. Da na wuce ƙofar harabar na ji ta yi ɗan ƙara a bayana. Shekara goma sha tara ke nan suka rufe.

Na tare mai babur na ce ya yi gudu. Hanya ta cushe a wajen gada, motoci sun yi cirko-cirko. Ya riƙa kutsawa tsakaninsu, gwiwata tana gogar ƙarfe, ni kuwa ina kuka a bayansa ba tare da kunya ba, iska tana shanye hawayen. Ya ce, "Mama, rasuwa aka yi?" Na ce masa tuƙa kawai. A wani wuri ma sai da na sauka na yi gudu da ƙafa na wuce wata babbar mota da ta lalace a tsakiyar titi, ya zagayo ya same ni. Mace mai shekara arba'in da bakwai tana gudu a titi da takalmin aiki, mutane suna kallo. Ko a jikina.

Sha biyu saura minti biyar na shiga ɗakin injuna. Mutane sun cika shi, masu kwalba da masu lodi da masu gadi biyu da suke tsaye suna kallon ƙasa, don babu mai son ya fara taɓa Takwas. Shi kuwa yana nan ya jingina bayansa da makunni, ya harɗe hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya riga ya cire shuɗinsa. Nawa ne kaɗai, ja, yana rataye a bayan kafaɗarsa. Ma'aunin sanyi yana nuna tara.

"Ga ta nan, sarauniyar doka!" in ji Manaja. "Buɗe mana, tunda sai da ke."

Na zaro makulli zan cire kwaɗon. Takwas bai matsa ba.

"Akwatin tukuna, Yaya."

"Takwas, babu lokaci."

"Mai kwaɗo yana duba aikinsa kafin ya cire. Ba ni na ce ba."

Na harare shi harara mai zafi. Na juya na sa makulli a ƙofar akwatin na buɗe da fushi, jikina ya tare bakin ƙofar, duk suna bayana.

Tana nan kwance. Sifanata mai lamba goma, da jan tef ɗinta, ta gitta a kan sandunan jan ƙarfe guda uku da wuta take bi. A nan na ɗora ta da waya ta yi ƙara da safe. Wanda ba ma'aikacin wuta ba ne zai ga ƙaramin ƙarfe ne kawai da bai fi tsawon yatsa biyu ba. Ni na san abin da zai faru in aka saki wuta ta tarar da ita a haka. Akwatin zai fashe, ƙofar ta yi tsalle, wuta da narkakken ƙarfe su feso waje. Makunnin kuwa a jikin akwatin yake, kuma mai tayar da inji a kamfanin nan, in ba na nan, Takwas ne. Da fuskarsa zai karɓa.

Ni na ce masa in ya gama ya tayar. Ni na sake ce masa ya bari a yanke. Sau biyu a yini ɗaya na aika shi.

Na dafa bakin akwatin. Babu wanda ya gani, jikina ya rufe komai. Hannun rigata dogo ne, in na ɗauke ta na tura ciki shi ke nan, har abada babu mai sani. Zan zama wadda ta yi mantuwar kwaɗo kawai, kuma ta bar jarrabawarta ta zo ta gyara. Mai irin wannan laifin ana iya tausaya mata. Wataƙila Manaja ya rubuta wa hukuma takarda a ba ni wata dama, ko ya ajiye ni a sito kafin wata shekara. Wadda ta bar ƙarfe a kan wuta kuwa, babu mai rubuta mata takarda. Na ɗauki sifanar. Har na fara tura ta cikin hannun riga, ina jin sanyinta a fatata.

A bayana Manaja yana yi wa jama'a jawabi.

"Kun gani ko? Me aka samu? Babu komai! Awa uku muna tsaye saboda ɗan ƙarfen da yaro zai iya ɓallewa. Daga yau na soke wannan shirmen. Almakashin nan a ɗakin nan zai zauna, duk kwaɗon da ya tare mini aiki a yanke shi. Kai kuma Takwas, ka same ni a ofis."

Na tuna allurai da ɗan matashin maigida. Na tuna yarana. Wallahi na tuna su, kada wani ya ce ban tuna ba. Na so in yi shiru fiye da yadda na taɓa son wani abu a duniya.

Na juyo na ɗaga ta sama.

"Ranka ya daɗe, ga abin da aka samu. A kan sandunan wuta take."

Masu lodi ba su gane ba, suna ta kallon juna. Takwas ya gane. Ya zo ya karɓe ta daga hannuna, ya juya ta, ya leƙa cikin akwatin, ya kalli makunnin da ya yini a jingine da shi. Sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa, a kan siminti mai maiƙo. Wannan mutumin da masu gadi biyu suka kasa matsarwa. Yana ta maimaita innalillahi a hankali.

Manaja ba ma'aikacin wuta ba ne, amma ba wawa ba ne. Ya kalli Takwas a ƙasa, ya kalli almakashin da ke hannunsa, ya jingine shi da bango kamar ya ƙona shi. Sannan ya ce, "Ta wace ce?"

Kowa yana ganin jan tef ɗin. "Tawa ce," na ce.

Na sake duba akwatin lungu-lungu, na rufe. Na cire kwaɗona. Na ce kowa ya ja baya, na tsaya a gaban makunnin ni da kaina na ɗaga. Inji ya yi tari ya kama. Tanki ɗaya ya tsira, ɗayan ya riga ya wuce, da la'asar aka buɗe masa famfo, farin ruwa ya riƙa bin kwata.

Ba a kori Takwas ba, kuma almakashin ya koma sito. Ni aka kira ofis. Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce dole ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru, kuma rahoton hukuma zai je. Ya ce in miƙa makullin akwatuna yau, ba sai ƙarshen wata ba. Na cire shi daga zoben na ajiye a kan tarin takardun nan na masu neman aiki. Na kwaɗon ya ce in riƙe, ai nawa ne.

A bakin ƙofar kamfani Takwas ya tare ni ya miƙo mini sifanar.

"Yaya, ki yafe mini. Da na san jarrabawar za ta..."

"Rufe mini baki," na ce. "In ka sake ba ni haƙuri sai na fasa maka kai da ita."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ni ban iya dariyar ba.

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Yara ba su dawo ba. Na tarar da maigida a inda yake zama kusa da taga, rigunan mutane a ninke a gefensa, ko ɗaya bai taɓa ba. Ya ji motsina ya ɗago da fara'a.

"Injiniya da kanta! Yaya, an kunyata samari?"

Idona yana kan ɗan matashin da ke kusa da hannunsa. Allurai goma a soke, babu zare ko a ɗaya.

"Au, wannan," ya ce. "Kin fita da sauri, ban so in tsayar da ke ba. Na ce yau ɗaya dai ai ba komai, tunda daga yau hankalinmu ya kwanta."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ajiye sifanar da jan kwaɗon a kan tabarma, na jawo matashin, na zaro allura, na lashi bakin zare. Yana saurarona, fara'ar tana barin fuskarsa kaɗan-kaɗan.

"Maman yara?"

"Bari in zura maka tukuna," na ce.

Sau biyar ina gwadawa, zaren bai shiga ba.